Maganin Maza a Durowar Anti

A gidan rediyon kowa Anti yake ce mata, har Manaja da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita ce mai shirin safe. Kafin gari ya gama wayewa tana zaune a ɗakin watsa shiri, kofin ruwan ɗumi a dama, takardun gaisuwa a hagu, Injiniya yana bayan gilashi yana jira ta ɗaga masa yatsa ya kunna jar fitila. Direbobi da masu shago da matan da ke shirya yara makaranta duk da muryarta suke buɗe rana. Siririyar murya ce mai zaƙi, ko sanarwar ɗauke ruwan famfo ta karanta sai ka ji kamar albishir take yi maka.

Tana da shekara arba'in da 'yan kai aka yi mata aiki. Ƙari ne ya fito mata a mara, da likitoci suka buɗe suka ga ya yi nisa, sai suka cire mahaifar tare da jakunkunan ƙwai duka biyun. Aiki ya yi kyau, ɗinki ya kame, 'yan dubiya suka watse. A nan ne wata sabuwar wahala ta ce salamu alaikum.

Da farko zafi ne. Tana tsaka da karanta gaisuwa sai ta ji kamar an hura murhu a ƙirjinta, gumi ya jiƙa mata wuya, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana kaɗa takardu. Aka rubuta mata filastar istirojin, wato sinadarin da jikin mace ke rasawa idan an cire mata ƙwai, tana manna ta a ƙugu. Zafin ya lafa, barci ya dawo. Likitan da ya yi aikin ya duba ta ya ce, "Kin warke sumul. Sai godiyar Allah."

Ta gode wa Allah. Amma ita ta san akwai abin da ya tafi bai dawo ba, kuma ba irin ciwon da ake nunawa da yatsa ba ne. Dariyar da take yi a rediyo ta koma aiki, sai ta ɗago ta kamar mai ɗaga bokitin ruwa. Wanda ya fi ci mata rai kuwa shi ne sha'anin gida.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai shiru-shiru, ya fi iya magana da alli a kan baki. Tana ce masa Malam, shi kuma ya ce mata Uwar biyu, don tagwaye Allah ya ba su, mace da namiji, duka suna can nesa wajen karatu. Tun da suka yi aure ba su taɓa raba makwanci ba sai lokacin zafin nan, da ta ce juye-juyenta na hana shi barci, ta koma ɗakin 'yarsu. Zafi ya wuce, ita ba ta dawo ba. Ba ƙinsa take yi ba. Tana sonsa, tana jin tausayinsa idan ya shigo da ƙurar alli a hannun riga. Sai dai idan ya dafa kafaɗarta, ji take kamar kujerar da take zaune a kai aka dafa. Malam bai taɓa tambaya ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa ranar da ba aiki ya ce, "An tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya ƙalau." Ya ɗan jima a tsaye yana gyara tabarau, sannan ya juya.

A haka aka ci wajen shekara biyu.

Wata rana ta je asibitin mata don a sabunta mata takardar filasta, ta tarar da sabuwar likita, matashiya mai ɗan jiki, da biro soke a gashinta. Tana jin sallamar Anti ta ɗago da sauri.

"Ba ke ce mai shirin safe ba? Wallahi Mamana ba ta karyawa sai da muryarki. Bismillah, zauna, Anti."

Ta auna ta, ta yi tambayoyin da aka saba, zafi, barci, ciwon gaɓoɓi. Sannan ta ajiye biron ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe.

"To, yaya tsakaninki da maigida?"

"Muna zaune lafiya."

"Na san kuna zaune lafiya. Ba zaman nake tambaya ba."

Anti ta kalli kalandar bango. Wannan yarinya sa'ar ƙanwarta ta uku ce. Ta buɗe baki za ta ce komai daidai, sai ta ji hawaye na bin kumatunta, ita da ko ranar da aka yi mata aiki ba ta yi kuka ba. Likita ta tura mata kwalin tishu. Da ta samu bakin magana sai ta ce, "Kamar an zare min wani abu ne. Ban ma san sunansa ba."

"Yana da suna," in ji Likita. "Ba istirojin kaɗai ƙwan mace ke yi ba. Yana yin wani sinadarin, testostaron."

"Ba na maza ba ne wannan?"

"Maza sun fi mu shi da yawa, shi ya sa suka ƙwace sunan. Amma mu ma muna da namu ɗan rabon, kuma ranar da aka yi miki aiki naki ya yi ƙasa farat ɗaya. Wasu matan ba sa ma lura. Wasu kuma sai su ji abin da kike ji."

Ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Akwai man shafawa da ake iya gwadawa, bayan an auna jini. Abin da aka tabbatar yana taimaka wa shi ne sha'awa. Wasu matan suna cewa har kuzari da walwala sun dawo musu, amma ba za ta yi mata alkawarin wannan ba. Ba kowa yake wa aiki ba, kuma ba ya sauri.

"Ga inda gizo ke saƙar, Anti. Na mata ba ya samuwa a nan, na maza za ki saya. Abin da namiji zai shafe a rana ɗaya, ke zai kai ki kwanaki. Kamar ƙwayar wake za ki matso, ki shafa a cinya, ki wanke hannu. Kada ki ƙara ko ɗis. In ya yi yawa yana kawo ƙuraje da gashi, yana kuma iya taɓa murya. Ita murya in ta sauka ba lallai ta hau ba. Ke kuwa da ita kike ci."

"In kunne ya ji," in ji Anti.

Da sakamakon jini ya fito, ta ɗauki takardar ta tsallake kemis ɗin unguwarsu, ta tafi wani can bayan tashar mota inda take ganin ba wanda ya san ta. Ta miƙa takardar ba ta yi magana ba. Mai kemis, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya karanta, ya ɗauko kwali daga can sama ya busa masa ƙura. A jikin kwalin an zana wani ƙato mai faffaɗan ƙirji.

"Ki ce wa maigida ya riƙa shafawa da safe, bayan wanka," ya ce da ƙaramar murya, irin ta mai rufa asiri. "Allah ya ƙara masa lafiya. Ba abin kunya ba ne, shekaru ne."

"Amin," in ji Anti.

Kalma ɗayan nan ta isa. Dattijo ya sauke tabarau. "Kai! Wannan murya ai na san ta. Ba ke ce..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. A mota ta naɗe kwalin cikin tsohon mayafi, a gida ta tura shi can ƙarshen durowar ɗakin 'yarta, bayan takalma.

Makonni suka wuce ba ta ji komai ba, har ta fara cewa an dai sa ta jin kunya a banza. Sai abin ya fara zuwa a hankali, yadda ruwa ke dawowa famfo, da tari da ɗigo. Wata safiya wani mai sauraro ya bugo yana gaishe da surukarsa ya manta sunanta, Anti ta yi dariya har Injiniya ya rage sautin makirfo, sai bayan an tafi talla ta lura ba ƙago dariyar ta yi ba. Wata yamma kuma Malam yana zaune a falo yana makin jarrabawa, ta zo wucewa da tire, idonta ya sauka a ƙeyarsa inda aski ya tsaya, ta ji wani abu ya motsa mata a ciki. Ta tsaya da tiren a hannu kamar wadda ta ji an kira sunanta daga nesa. Ta ajiye masa shayi, ta bar hannunta a kafaɗarsa fiye da yadda ta saba.

Ta yi niyyar gaya masa. Kullum sai ta ce gobe, don ba ta san ta inda za ta kamo zancen ba.

Kafin goben ta zo, Malam ya shiga ɗakin 'yarsu neman almakashi ranar da ba ta nan. Ya jawo durowa, mayafi ya warware, ƙato mai faffaɗan ƙirji ya faɗo a gabansa. Ya karanta rubutun kwalin tun daga sama har ƙasa, yadda yake karanta tambayar jarrabawa. An rubuta ƙarara, na maza ne, masu rauni. A gidan nan kuwa namiji ɗaya ne. Lissafin bai yi masa wuya ba. Ashe abin da ya fitar da ita daga ɗakinsa ke nan, ta ga gazawarsa, ta sayo magani, kunya ta hana ta miƙa masa. Bai duba ya ga an riga an fasa ƙunshin ciki ba. Ya naɗe kwalin ya mayar, ya fita ba tare da almakashin ba.

Daga ranar Malam ya canza. Ya sayo takalmin gudu. Mutumin da ko hawa bene sai ya huta a tsakiya, sai ga shi yana zagaye filin makaranta da yamma, yana dawowa yana haki kamar injin niƙa. Ya daina shan sukari. Ya samo wasu ƙarafa biyu ya ɓoye ƙarƙashin gado. Furfurar gemunsa ta wayi gari baƙa wuluk. Mafi muni, ya daina haɗa ido da ita. In ta zauna kusa da shi sai ya tuna akwai littafin da ya bari a mota.

Ita kuma ta yi nata lissafin. Namiji ya rina gemu, ya fara gudu, ya daina kallon matarsa, ai ruwa ba ya tsami banza. Ta bar shi shekara biyu a bakin ƙofa, yanzu da ta fara farfaɗowa shi ya gaji ya juya baya. Laifin wa? Ta ce a ranta tafiyar hawainiyar nan ba za ta fisshe ta ba, tana bukatar ta dawo yadda take da, kuma yanzu-yanzu. Da safe ta matso ƙwayar wake, ta dube ta, ta ƙara wata. Bayan 'yan kwanaki ta koma shafa abin da ya kai ɗan yatsa. Ranar komawa gwajin jini ta zo ta wuce, ba ta je ba.

Da farko kamar ta ci riba. Ƙarfi ya zo mata har ta rasa inda za ta kai shi, ta wanke labule, ta juya kujerun falo ita kaɗai. Sai ƙuraje suka feso mata a haɓa kamar 'yar sakandare, ta rufe su da hoda. Sai gashi, ƙwara biyu uku masu kauri a ƙarƙashin haɓa, ta sa hantsaki ta tuge, suka dawo da 'yan uwansu. Zuciya kuma ta koma kamar ashana. Wata safiya Injiniya ya makara wajen sa waƙa, ta cire abin sauraro daga kunne ta buga a tebur ta wanke shi tas ta cikin gilashi, mutumin da suka shekara goma sha suna aiki ko kallon banza ba ta taɓa yi masa ba. Ya dai dube ta ya sunkuyar da kai kan na'urarsa.

Muryar ce ta zo ƙarshe. Ta fara da kaushi da safe, ta ɗauka sanyin ɗaki ne, ta ƙara zuma a ruwan ɗumi. Masu bugowa suka fara cewa, "Anti, mura ake yi? Allah ya sawwaƙe." Wata rana wata tsohuwa da ke kira kusan kullum ta bugo, Anti ta yi mata sallama, sai tsohuwar ta tambaya.

"Ɗan nan, ina Anti take yau? Ba ni ita."

"Ni ce, Iya."

"A'a. To me ya samu bakin naki?"

Anti ta yi dariya ta ce mura ce, ta ɗaga wa Injiniya yatsa ya sa talla. Bayan shiri ta roƙe shi ya kunna mata abin da aka naɗa yau, da na wata ranar a bara. Ya kunna mata ba tare da ya tambayi dalili ba. Ta saurari biyun a jere. Ba ta koma muryar namiji ba, amma saman muryar, inda zaƙin yake, ya tafi, kamar an yanke wa bishiya kai. Ta ce masa, "Ka yafe min abin da na yi maka rannan." Ya ce, "Haba Anti, ya wuce. Amma ki je a duba ki."

Washegari ba aiki. Da hantsi tana zaune gaban madubi da hantsaki a hannu, idanu sun kumbura, sai ga Malam ya shigo ba sallama. Ya wuce ta kai tsaye ya jawo durowa, ya warware mayafin, ya ajiye kwalin a gabanta.

"Uwar biyu, na gaji. In kina da magana da ni, ki faɗa min a fuskata. Na yi gudu, na bar sukari, gwiwata ta kusa cirewa. In har sai na shafa wannan abin ne za ki dawo ɗakinki, ba ni in shafa. Amma da kin gaya min tun farko, da ya fi min sauƙi a kan in tsince shi a bayan takalma."

Ta dubi kwalin, ta dubi gemun da rinin ya fara komawa ja a gefe. Sai da ta ɗan jima kafin zancen ya shige ta.

"Malam, kai ka ɗauka naka ne?"

"Na wa ne? Akwai wani namijin a gidan nan?"

"Nawa ne."

"Naki?"

"Nawa. Likita ce ta rubuta min. Buɗe ka gani, na kusa ƙarar da shi."

Ya buɗe. Ya ga ƙunshin da aka matse, an naɗe bakinsa an maƙale da ƙaramin abin maƙale shanya. Ya zauna a bakin gadon 'yarsu a hankali, yana riƙe da gwiwa. Dariya ta taso wa Anti, ta yi ƙoƙarin danne ta ta kasa, ta fito da sabuwar muryar nan mai kauri, jin ta kuma ya sa dariyar ta juye kuka. A haka ta ba shi labari, tun daga ranar aiki har zuwa tsohuwar da ta ce mata ɗan nan. Ta gaya masa abin da ta zarga game da gemun.

"Ni?" in ji Malam. "Wa zai kalle ni? Ɗalibaina har suna suka sa min saboda rinin nan."

Sannan ya ce, "Shekara biyu kina fama da wannan, ba ki gaya min ba."

"Shekara biyu kana tsayawa a bakin ƙofar nan, ba ka tambaya ba."

"Na ɗauka in na tambaya na takura miki. An yanka ki, kin sha wuya. Na ce in na yi haƙuri za ki dawo da kanki."

"Ni kuma da ka yi shiru na ɗauka ba ka damu ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "To yanzu muryar fa?"

"Ban sani ba, Malam. Tsoro nake ji."

Ya matso ya karɓi hantsakin daga hannunta ya ajiye. Ya riƙe hannun. Wannan karon ta ji shi sarai.

Tare suka je asibiti. Malam ne kaɗai namiji a kan bencin, tsakanin masu ciki, ya rungume jakarta a cinya yana kallon silin. Likita ta saurare su har ƙarshe. Da aka zo kan gudun Malam ta rufe baki da fayil, kafaɗunta na girgiza. Da aka zo kan yawan abin da Anti ke shafawa kuwa, fuskarta ta canza.

"Anti, ba zan yi miki faɗa ba, muryarki ta riga ta yi miki. Amma da kin zo ranar gwajin jini da mun kama shi da wuri. Ni ma da na ga ba ki zo ba ya kamata in neme ki."

Jini ya nuna sinadarin ya haura abin da ya dace da mace nesa. Ta ce a dakatar da shafawa gaba ɗaya sai ya sauka. Ƙuraje za su tafi, gashin zai ragu. Murya kuwa ta tura ta wajen likitan maƙogwaro, ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, wata tana dawowa, wata ba ta dawowa duka.

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. "Likita, in ya sauka, za ta koma yadda take a da? Ina nufin, kafin maganin?"

"Mai yiwuwa. In ta so, sai mu sake farawa da ɗan kaɗan, muna aunawa. In ba ta so, akwai wasu hanyoyin, kuma rabin maganin ma kun riga kun sha shi, tunda kun fara magana. Ita za ta zaɓa."

Anti ta ɗauki hutu a wurin aiki. Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ƙarfin nan na aro ya zube, wasu ranakun ta wuni a kwance, tana jin tsohon ramin yana neman dawowa. Bambancin shi ne yanzu in Malam ya ce an tashi lafiya, takan ce, "Yau dai ba lafiya ba," shi kuma ya shigo ya zauna. Ta daɗe tana jujjuya maganar komawa kan maganin. Wani lokaci ta ce ta haƙura, abin da ya taɓa mata murya ba za ta sake kusantarsa ba. Wani lokaci ta tuna yammar nan da ta tsaya da tire. Daga ƙarshe ta koma, da ƙwayar wake ɗaya tak, kuma ba ta sake tsallake gwaji ba. Kayanta suka koma ɗakinsu kaɗan-kaɗan, yau mayafi, gobe kwalbar turare.

Muryar ta warware, kaushin ya tafi, amma ba ta koma inda take ba. Ta zauna a ƙasa kaɗan. Wasu masu sauraro suka ce sun fi son ta da, ɗaya har ya aiko saƙo cewa a dawo musu da Antinsu ta asali, wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Wasu suka ce ta yanzu ta fi natsuwa. Ita dai takan yi kewar waccan, musamman in za ta ja sallama ta ji ba ta kai inda take kaiwa.

Bayan ta dawo aiki ta nemi Manaja ya ba ta rabin awa a mako don lafiyar matan da suka manyanta. Ya yi ta sosa kai, ya ce kada a faɗi abin da zai sa a rufe musu tasha, sannan ya yarda. Likita ce baƙuwar farko. Anti ba ta ba da labarinta duka ba. Ta ce dai an yi mata aiki, ta sha fama da abin da ta kasa faɗa wa kowa, ta sha magani, ta kuma yi gangancin wuce ƙa'ida, ga shi kowa na jin sakamakon a bakinta. Likita ta ja kunne sosai, kada wadda ta je kemis ta saya da kanta, kada wadda ta karɓi na ƙawarta.

Aka buɗe layi. Shiru. Injiniya ya ɗaga kafaɗa ta bayan gilashi. Anti ta fara tunanin ko sun yi abin da ya fi ƙarfin masu sauraro, sai fitilar waya ta kama.

Namiji ne, dattijo daga jin muryarsa. Ya yi sallama, ya gaishe da Anti, ya gaishe da Likita, ya gaishe da ma'aikatan tasha gaba ɗaya, ya yi addu'ar zaman lafiya.

"Muna jin ka, Baba," in ji Anti.

"To, dama, wato, wani abokina ne. Iyalinsa ce. Wato tun da ta, to, kin gane, shekaru sun ɗan ja. Shi ne yake cewa ko in tambaya masa, wato..."

Aka ji motsi a layin, da muryar mace daga gefe.

"Wane abokin? Ba ni wayar nan, kai ba ka iya bayani ba." Aka ji ƙarar karɓe waya. "Salamu alaikum, Anti. Ni ce iyalin. Likita tana kusa? Yauwa. 'Yata, ki saurare ni da kyau, don tambayoyina da yawa."

Likita ta zare biro daga gashinta ta jawo takarda.

"Bismillah, Mama," ta ce. "Fara da ta farko."